Shuɗin Igiyar da Nake Yarwa

Ranar kasuwar Tasawa da ta wuce na zauna a fadarku ta sababbin malamai, nan bayan tasha, inda kuke shan shayi kuna dangwalar waya. Wani daga cikinku, mai gemu kamar an zana shi da biro, ya ce wai koyar da ilimin halittu ya zama wasan yara: ka sauko da bidiyo, ka nuna wa aji, ka koma ka zauna. Ban tanka masa ba, don shayinsa nake sha. Amma da na dawo gida sai na ɗauko takarda, tun da ku ba ku sauraren tsoho sai maganarsa ta zo a rubuce. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina shaƙar alli tsakanin Korgom, Urafane, Tasawa da Mayahi. Zan ba ku labarin darasi ɗaya tak, wanda ya fi kowane ba ni wuya, wato abin da ƙwayar halitta take yi wa ARN bayan ta kwafe shi.

Bari in tuna muku darasin, don na san wasunku bidiyon ma ba su kalle shi har ƙarshe ba. A cikin ƙwayar halitta akwai ɗakin tsakiya inda ADN yake ajiye, shi ne mai ɗauke da umarnin gina jiki. ADN ba ya barin ɗakin nan. In ana bukatar wani umarni, sai a kwafo wurin da ake so, kwafin shi ne ARN. To kwafin nan ɗanye ne, ba a sakin shi haka. Ana sa masa hula a ka, don kada masu gaigayar ARN da ke cikin ƙwayar su fara cin shi ta kai, kuma ta hular ne injin haɗa furotin yake kama shi. Ana ɗaura masa doguwar wutsiya ta harafi iri ɗaya, A bayan A bayan A, wadda take raguwa a hankali, in ta ƙare kwanan saƙon ya ƙare. Babban aikin kuwa shi ne yanka da haɗi. A jikin kwafin akwai wuraren da ake cirewa, sunansu intron, da wuraren da ake haɗawa baki da baki su zama saƙon da zai fita, sunansu egzon. Faɗin wannan bai fi minti biyu ba. Ku gwada sa shi cikin kan yara sittin da rabinsu ba su karya kumallo ba.

Maigidana a sana'a Mushe Abdu ne, wato Malam Abdu da bakin Faransanci, Allah ya jiƙan shi. A hannunsa na faɗa a wani kwalej, lokacin farin nan na zamanin sojan farko, da ake layin karɓar jar dawa. Ranar da na fara aiki ya zauna a bayan aji yana kallona ina zana zuciya a allo da alli kala uku. Na yi zane mai kyau, har ni kaina ya burge ni. Da aka tashi sai ya ce:

"Yaro, wancan mi ne ne? Albasa?"

Na ce zuciya ce.

"Gobe ka biya wurin mahauta. Abin da ba ka sa ma ɗalibi a hannu ba, surutu kawai ka yi mishi."

Shekarar nan kuwa dabbobi na faɗuwa ko'ina, zuciyar tunkiya ba ta yi mana wuya ba. Wata shida na yi ina zuwa aji da ƙwarya rufe da faifai, ƙudaje na bina kamar ɗan mahauta. A wurin Mushe Abdu na koyi riƙon aska, da yadda ake karya alli biyu don ya kai mako, da yadda ake wanke allo da ruwan ƙaro ya yi baƙi. A wurinsa kuma na gaji wani tsohon littafi, wanda ya ce ana kwafo ARN ya wuce kai tsaye wurin aiki, ba hula, ba wutsiya, ba yanka. Haka na yi ta koyarwa shekara da shekaru da zuciya ɗaya. Akwai manyan ma'aikatan lafiya a jihar nan da suka fara da wannan guntun labari daga bakina, ina neman gafararsu.

Da aka sake tsarin karatu, aka kira mu Maraɗi horo na kwana uku. Mai horon ya tsaya yana karanta takarda, yatsansa na bin layi kamar mai tsoron ya ɓace. Na ɗaga hannu na tambaye shi me ya sa ƙwaya za ta kwafi abu sannan ta yanke shi ta yar. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "C'est dans le document, cher collègue." Wato wai amsar tana cikin takardar. Na duba ta daga farko har ƙarshe, babu amsar a ciki. Shi ne duk horon da na samu a kan darasin nan.

Igiyar farko a kasuwar Urafane na saye ta, wurin wani mai tufka da ake kira Ɗan Tani. Igiyar kaba ce, kamu ashirin, tufka uku mai kauri, don siririya ba a ganin ta daga bayan aji. Na yanka tsohuwar robar cikin tayar keke na nannaɗe wasu wurare tam, na bar wasu a buɗe, na kai marina a Tasawa na ce a tsoma mini. Marinin ya juya igiyar, ya dube ni.

"Mushe, ko tsubbu ka soma?"

"Karatun boko ne."

"To Allah shi kyauta. Da mun ji ana cewa alli da allo."

Da ta bushe na kwance robar, sai ga igiya fari, shuɗi, fari, shuɗi. Farin shi ne egzon, shuɗin shi ne intron, kuma na bar shuɗin ya fi tsawo don haka abin yake a yawancin kwafin jikin mutum. Hular kuwa ta jariri ce da mai ɗakina ta saƙa wa ɗanmu na fari. Wutsiya marafan kwalba ne da na huda na jera a zare, kowane na rubuta A a kansa. A jikin farin na ɗaɗɗaura zare ja, kowane ƙulli harafi ɗaya. Kayan aikina ke nan, da aska, da kwali na zuba su. Ku da kuke kuka ba a kawo muku na'urar haska bango ba, ku lura cewa tawa na'urar ba ta taɓa jiran wuta ba.

Ga yadda nake yi. Yara biyu su riƙe igiya daga bango zuwa bango. Ɗaya ya sa wa igiyar hula, ɗaya ya ɗaura mata wutsiya, ni kuma in ba wani aska in ce ya cire shuɗin. A nan ake gane mai hankali. Wata shekara wani zaƙaƙuri, mai amsa tambaya tun ba a gama ta ba, ya zabga aska ya haɗa da ƙulli ɗaya na farin. Na ce kada kowa ya gyara. Muka ƙulla farin da farin, na sa shi ya ƙirga ƙulle-ƙullen uku-uku, don uku-uku ƙwaya take karanta saƙo. Daga inda ya yi ɓarnar har wutsiya, ba rukuni ɗaya da ya faɗa daidai. Na ce masa da a jikin mutum ya yi wannan, da ya aika wani asibiti. Bai ƙara gaggawa da aska ba. Kowace shekara sai na sayi sabuwar igiya, don wadda aka yanka ba ta komawa, har yara suka sa mini suna Mushe Igiya.

Masu hulɗa da mu a wannan sana'a ba yara kaɗai ba ne, har da iyayensu. Wani dattijo ya taɓa tasowa daga Korgom a amalanke, ya same ni gindin bishiyar bedi ya ce:

"Mushe, an ce mini kana koya ma ɗana yankan igiya. Mu a gida ɗaure ta muke. In wannan ne karatun, ka ba ni shi, ga wake can shina jiran roro."

Na yi masa bayanin ƙwaya da kwafi har na yi gumi. Ya saurara da ladabi, ya yi mini addu'a, ya tafi da ɗansa.

Sai shekarar da ta zama baƙa a gare ni. Damina ta yi gardama, hatsi bai kai ko'ina ba, ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi. Ina riƙe da ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, masu shirin jarrabawar bak ta shiga jami'a, a wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ba. A ajin akwai wata yarinya Ramatu, 'yar makiyaya daga wajen Issawane, tana zaune a gidan wani abokin babanta a gari. 'Yar makiyaya ta kai ajin ƙarshe, wannan ko yanzu ba kullum ake gani ba. Ba ta da yawan magana, amma takardarta ba ta wuce ta uku a aji.

Ranar darasin igiya, ina yanke shuɗi ina wurgawa ƙasa yadda na saba, ina cewa, "Wannan shara ne." Sai na ga Ramatu ta duƙa tana tsince guntayen. Kafin in gama bayani ta lanƙwasa kowane, ta ƙulle kansa a kusa da ƙarshensa, ya zama zarge mai ɗan jela, irin wanda ake sa wa maraƙi a wuya. Na ce me take yi. Ta ce a gidansu ba a yar da igiya. Sannan ta ɗaga hannu.

"Mushe, ka ce ƙwayar nan ko harahi guda ba ta yarda a ɓata ba. To ta yaya mai tattali haka za ta tufka doguwar igiya, ta yar da hiye da rabi?"

Tambayar da na yi a Maraɗi ce ta dawo mini, kuma har lokacin ba ni da amsa. Akwai dabarar da kowane malami ya sani, ku ma za ku koye ta in ba ku riga kun koya ba: in ba ka san amsa ba, ka sa aji dariya. Na ce, "Ramatu, ƙwayar halitta ba Bafulatana ba ce, ba ta tara tsummokara." Aji ya fashe. Ita ba ta yi dariya ba, ta zuba zargunanta cikin kwalina ta koma ta zauna. Na ji haushinta, don ta gane ban sani ba, kuma ta san na gane.

Da sanyi ya tsananta sai Ramatu ta ɓace daga aji. Aka ce babanta ya kwanta ciwo, yayyenta sun tafi ci-rani, ba mai kora shanu kudu neman ciyawa sai ita da ƙannenta. Tana can soja suka karɓi mulki a Yamai. Aka turo mana sabon kwamanda mai kaki ya mulki yankinmu, ya zagayo makarantu yana buga sanda a takalmi. Ya tara mu ya ce shi ba ya son labari, sakamako yake so, kuma makarantar da ta zo ta ƙarshe a jarrabawa, shugabanta zai san hanyar Bilma, can ƙuryar hamada. Darektanmu mutum ne da ko Dakoro yake gani kamar ƙarshen duniya.

Ga al'adar da ba a rubuta ta a ko'ina, amma duk tsohon malami ya san ta. Kafin a aika sunayen masu zama jarrabawa, sai makaranta ta tsame waɗanda take jin za su faɗi, don in sakamako ya fito a ga kamar an yi ƙoƙari. Ana fakewa da dokar rashin zuwa aji, ko ta rashin ladabi. Darekta ya kira taro ya ba kowane mai riƙe da aji jan biro, ya ce suna biyar-biyar yake so. Huɗu ba su ba ni wuya ba, su da kansu sun san ba su shirya ba. Na biyar ya kamata ya zama ɗan wani Alhaji, yaron da ya mayar da bencin baya gadon barci. Amma Alhajin surukin darekta ne, kuma a ƙofar gidansa muke sallar la'asar. Ramatu kuwa ta sha mako biyar ba ta zo ba, doka ta hau kanta, ubanta yana daji ba wanda ya san fuskarsa. Ba wanda ya matsa mini. Ni na ja layi a kan sunanta da hannuna, kuma ina ja ina tuna tambayarta.

Ran wata Litinin ta dawo. Ta rame, leɓɓanta sun tsage, littattafanta na ɗaure cikin zane. Ta tsaya gaban takardar sunaye da aka manna a bango, ta bi ta da yatsa sau biyu, sannan ta same ni gindin bedi.

"Mushe, ban ga sunana ba."

"Doka ce, Ramatu. Mako biyar ba ki zo ba."

"Shanu muka kai kudu, Baffa ba shi da lahiya. Amma na tahi da kayena, kullum ina karatu. Tambaye ni duk abin da kake so."

Ban tambaye ta ba, don na san za ta amsa. Na ce ta yi haƙuri sai baɗi.

"Baɗi wa za ya riƙe ni? Masu masaukina ma sun ɗaure kaya, Najeriya za su."

Na ce Allah zai kawo mafita, irin maganar da mutum yake yi in yana so a tashi daga gabansa. Sannan ta ce tana roƙon abu ɗaya, guntayen shuɗin nan da ke cikin kwali, in ba ni da bukatarsu. Na shiga aji na kwaso mata duka zargunan da ta zuba a ciki, har ina jin kamar na yi mata alheri.

Kafin sakamako ya fito an ɗauke kwamandan an kai shi wani wuri. Wanda ya gaje shi bai taɓa tambayar wace makaranta ce ta farko ko ta ƙarshe ba. Ba wanda ya je Bilma. Ɗan Alhaji ya zauna jarrabawa ya faɗi, ya sake ya faɗi.

Bayan 'yan shekaru wani ɗan ƙanena da ke jami'a ya kawo mini sabon littafi daga Yamai. Na buɗe babin ARN ina shan kunu, sai na ajiye ludayin. Ga zanen intron lokacin da ake cire shi: yana lanƙwasawa, kansa ya ƙulle a kusa da ƙarshensa, ya fita a siffar zarge mai ɗan jela. Ƙullin Ramatu ne sak. Na ci gaba da karatu. Ashe ƙwaya tana warware shuɗin ta sake amfani da haruffansa. Ashe daga cikin wasu intron ake fitar da ƙananan ARN masu nasu aikin. Kuma ba kullum ake yanka a wuri ɗaya ba: guntun da aka cire a wannan sashe na jiki, a wani sashen barin shi ake yi, shi ya sa kwafi ɗaya yake iya ba da furotin iri-iri. Shekara nawa ina tsaye gaban yara ina cewa shara, da murya mai ƙarfi kuwa. Daga shekarar ban ƙara wurga shuɗi ƙasa ba, zarge nake sa yara su ƙulla, amma ban taɓa faɗa musu wa ya fara ba.

Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi gare shi, bidiyonku zai nuna muku zargen da kala mai kyau, har da kiɗa. Ba zai nuna muku abin da za ku yi ran da ɗalibi ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku ba, ko ran da darekta ya miƙo muku jan biro. Igiyata ta ƙarshe tana nan cikin kwali da hular da marafan, duk mai so ya zo ya ɗauka.

Bara, bayan na yi ritaya, na hau moto, wato babur, zuwa Issawane gaisuwar rasuwa, ya zamana ranar kasuwa ce. Ina ratsa layin masu nono sai na ji an ce, "Mushe Igiya!" Na waiwaya. Mace ce zaune bayan ƙore uku, da goyo a baya. Sai da ta yi murmushi na gane ta. Muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi Baffanta, ta ce ya rasu tun a waccan shekarar.

"Har yanzu kana yankan igiya, Mushe?"

Na ce na aje aiki.

"Hula a ka, a cire shuɗi, a haɗa hwari da hwari, a ɗaura wutsiya, sannan saƙo shi hita. Ko na manta wani abu?"

Na ce ba ta manta komai ba. Na tsuguna gabanta, mutane na wucewa, na faɗa mata abin da na gani a sabon littafi, da zargen, da yadda ƙwaya ba ta asarar shuɗin. Na ce ita ce da gaskiya, ni ne ban sani ba. Ta ɗauki ludayi tana motsa nono, ba ta nuna mamaki ba.

"Ai na ga ba ka sani ba tun ranar, Mushe. Shuɗin da ka ba ni kuwa ya yi aiki. Shanunmu sun ƙare a waccan shekarar, sai maruƙa uku. Da shi na ɗaure su gindin bukka, ina ba su dusa a hannu har ruwa ya sauka. Nonon nan na jikokinsu ne."

Ta cika ƙaramar ƙwarya ta miƙo mini da hannu biyu, yadda ɗaliba take miƙa wa malaminta takarda.

"Shi ɗan Alhaji da ka bar sunanshi, likita ya zama?"

Na ce a'a.

"To sha, kada shi yi tsami."

Na shanye shi tas a tsugune, a tsakiyar kasuwa, don ban ga yadda zan mayar mata da ƙwaryar da saura a ciki ba.